Riƙo a Ƙafa Yake: Jiragen Marayu na Amurka da Asalin Aikin Bibiyar Yara

A kakar shekarar 1854 wani jirgin ƙasa ya tsaya a Dowagiac, wani ƙaramin garin manoma a jihar Michigan ta Amurka, ya sauke yara sama da 40. Daga birnin New York aka taso da su, tafiyar kwana da kwanaki, wani wurin a jirgin ruwa, wani wurin a jirgin ƙasa. Aka tara mutanen gari, aka jera yaran a gabansu, jagoran tafiyar ya sanar cewa ga yara masu neman gida, duk mai so ya ɗauka. Cikin 'yan kwanaki manoma suka kwashe yawancinsu, jagoran ya wuce gaba da ragowar.

Wannan shi ne farkon abin da daga baya aka riƙa kira jiragen marayu. Daga 1854 zuwa 1929, shekara 75 ke nan, an kwashe yara tsakanin 200,000 zuwa 250,000 daga biranen gabashin Amurka zuwa ƙauyuka da gonakin cikin ƙasar. Sana'ar da a yau ake kira aikin jin daɗin jama'a, musamman ɓangarenta mai kula da 'ya'yan riƙo, a cikin gardamar da aka tafka kan waɗannan jirage ta girma. Tambaya ɗaya ce ta yi ta dawowa a gardamar: bayan an miƙa yaro ga mariƙi, wa zai koma ya ga halin da yake ciki?

Birnin da ya cika ya batse

A 1800 mutanen New York ba su wuce 60,000 da 'yan kai ba. Zuwa 1850 sun haura rabin miliyan. Yunwar da ta afka wa ƙasar Ayilan tun daga 1845 ta koro dubban ɗaruruwan mutane, ga kuma baƙi daga Jamus. Suka cunkushe a gidajen haya marasa iska a unguwanni irin su Five Points. Kwalara da tarin fuka da hatsarin wurin aiki suna kashe magidanta, gwamnati kuwa ba ta da wani tallafi na dindindin ga matar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Yara suka bazu a tituna suna tallan jarida, suna goge takalma, suna tsintar tsummokara, dare ya yi su kwana a ƙarƙashin matakala. Wanda hukuma ta kama, ko dai gidan marayu, ko gidan gajiyayyu, ko kurkuku, wani lokacin ma a ɗaki ɗaya da manyan masu laifi.

A wannan hali ne wani matashin malamin coci mai suna Charles Loring Brace, haifaffen 1826, ya kafa ƙungiyar Children's Aid Society a 1853 domin taimakon yara. Hujjarsa tana da ƙarfi. Ya ce gidan marayu yana koya wa yaro jin ƙararrawa da bin layi, amma ba ya koya masa zaman duniya. Yaro a cikin iyali ya kamata ya tashi. Ga manoman yamma suna kukan ƙarancin hannu a gona, ga birni yana kukan yawan yara. Kuɗin tikitin jirgi kuma bai kama ƙafar kuɗin ciyar da yaro shekara da shekaru a gidan marayu ba.

Tausayi ya motsa Brace, tsoro ma ya motsa shi. Littafin da ya wallafa a 1872 tun daga sunansa ya kira talakawan birnin mutane masu haɗari. A ganinsa yaron titi na yau shi ne ɗan tarzomar gobe, don haka nisanta shi da unguwarsu, da iyayensa ma, wani ɓangare ne na maganin.

Yadda ake rabon

Kafin jirgi ya iso, akan liƙa sanarwa a gari, a kuma kafa kwamitin dattawa, irin su fasto da likita da ɗan kasuwa da mai jarida, domin tantance masu neman yara. Ranar rabo a tsayar da yaran a kan dandamali a coci ko zauren taro. Waɗanda suka rayu har suka ba da labari sun tuna yadda ake taɓa damatsansu, ana duba haƙoransu. Masu ƙarfi su ake fara ɗauka. Wa da ƙane sukan rabu a nan take, domin manomi ɗaya yake buƙata. Masu suka tun a lokacin sun ce abin ya yi kama da kasuwar bayi, a ƙasar da sai a 1865 ta haramta bauta.

Sharaɗin da ake gindaya wa mariƙi shi ne ya ciyar, ya tufatar, ya sa yaro a makaranta, ya riƙe shi kamar ɗansa. Amma yawancin yaran ba a mayar da su 'ya'ya a gaban shari'a ba. Jihar Massachusetts ta yi doka tun 1851 wadda ta ce sai alƙali ya gamsu da cancantar mai son ɗaukar yaro kafin ya zama ɗansa, kuma ita ake ɗauka a matsayin dokar zamani ta farko a wannan fanni. Sai dai rabon dandamali bai bi ta gaban alƙali ba. Yaro ya tsinci kansa a tsaka-tsaki: shi ba ɗa mai gado ba, shi ba ɗan ƙodago mai albashi ba.

Kwamitin dattawan ma bai cika hana kowa ba. Ɗan kasuwa ba zai ce wa mai sayayya a shagonsa bai cancanci riƙon yaro ba, fasto ba zai kunyata mai zuwa cocinsa ba. Bibiya kuwa ta dogara ne kan wasiƙu da ziyarar jami'in ƙungiya jefi-jefi, alhali jami'an 'yan ƙalilan ne, yaran kuwa dubbai, warwatse a jihohi masu nisan gaske.

Sunan jiragen marayu ma yana ɓoye wata gaskiya. Da yawa daga cikin yaran suna da uwa ko uba a raye, wasu ma duka biyun. Talauci ne ya sa aka miƙa su, wasu iyayen da niyyar karɓo su idan hali ya samu. Aka canza wa wasu suna, aka yanke hanyar wasiƙa tsakaninsu da gida.

Sakamakon ya bambanta matuƙa. Andrew Burke da John Brady sun hau jirgi ɗaya zuwa Indiana a 1859; na farkon ya zama gwamnan jihar Dakota ta Arewa, na biyun gwamnan Alaska. Wasu kuwa a rumfar dabbobi aka kwantar da su, aka yi ta aiki da su ba makaranta, wasu suka gudu aka daina jin ɗuriyarsu. Ƙungiyar takan fitar da rahoton cewa mafi yawan yaran sun dace. Amma ita ta ba da yaran, ita ta auna kanta, kuma yaron da ya ɓace ba ya rubuto wasiƙa.

Masu suka

Suka ta farko daga mabiya ɗariƙar Katolika ta fito. Yawancin 'ya'yan baƙi 'yan Katolika ne, gidajen da ake kai su kuwa na 'yan Furotesta, sai suka ga ana raba yara da addinin iyayensu da sunan taimako. Suka kafa nasu cibiyoyin, ciki har da gidan jariran da aka yar wanda wasu mata masu hidimar coci suka buɗe a New York a 1869. Wannan gida shi ma ya riƙa tura yara a jirgi, amma ta hannun limaman coci ake zaɓar iyali tun kafin a tashi. Hakan bai hana rikici ba. A 1904 an kai yara 40 garuruwan haƙar ma'adinai na Clifton da Morenci a Arizona, aka ba da wasunsu ga iyalai 'yan asalin Meziko. Fararen fatan garin suka ɗauki makamai suka ƙwace yaran, kotu kuma ta bar musu su.

Suka ta biyu ta fi tasiri, domin da ƙafa aka yi ta. A 1884 Hastings Hart, sakataren hukumar kula da gidajen agaji da na gyaran hali ta jihar Minnesota, ya bi sawun yara sama da 300 da ƙungiyar Brace ta kai jiharsa. Ya gano cewa ƙananan yara sun fi dacewa, manyan kuwa da yawa sun watse, kuma ana ba da yara cikin gaggawa ba tare da binciken kirki ba, bibiya kuma ba ta wadatar ba. Jihohin da ake kai wa yaran suka fara kafa sharuɗɗa: Michigan a 1887, sannan Indiana da Illinois da Minnesota a 1899.

Hanyar Boston

A birnin Boston aka gwada wata hanya dabam. Charles Birtwell, wanda ya karɓi ragamar ƙungiyar taimakon yara ta birnin a 1886, ya ce kowane yaro a dube shi shi kaɗai: me ya raba shi da gida, kuma ko taimaka wa uwarsa zai wadatar? Idan riƙo ya zama dole, a binciki gidan tukuna, a zaɓi wanda yake kusa yadda za a iya zuwa, a rubuta komai a fayil, a riƙa ziyara a kai a kai. Ya kuma ƙarfafa biyan mariƙi kuɗin ciyarwa. Wasu sun ga wannan kamar sayar da tausayi ne, amma hikimarsa a fili take: idan ana biyan kuɗin abincin yaro, ba sai ya biya da guminsa ba, mara lafiya da jariri ma za su sami mai ɗauka, kuma wanda yake biya yana da bakin tambaya.

Irin wannan aiki ya fi ƙarfin mai sa kai na ranar hutu. Yana buƙatar wanda ya iya tambaya, ya iya lura, ya iya rubutu. A 1898 aka fara kwas na horar da masu aikin agaji a New York, wanda ya zama makarantar koyon aikin jin daɗin jama'a ta Jami'ar Columbia. A 1917 Mary Richmond ta wallafa littafin da ya tsara yadda ake binciken halin iyali. A shekarar ce kuma Minnesota ta wajabta binciken gida kafin kotu ta amince a mayar da yaro ɗa. A 1924 Sophie van Senden Theis ta fitar da nazari kan mutum 910 da suka tashi a gidajen riƙo, domin a ga yadda rayuwarsu ta kasance bayan sun girma.

Talauci ba dalili ba ne

A Janairun 1909 shugaba Theodore Roosevelt ya kira taro a Fadar White House kan yara marasa galihu. Matsayar taron ta rushe ginshiƙin da jiragen suka tsaya a kai: kada a raba yaro da iyayensa na kirki saboda talauci kawai. Idan rabuwa ta zama tilas, gidan riƙo da aka zaɓa da kyau kuma ake ziyarta shi ne mafi alheri. A 1911 jihar Illinois ta fara biyan iyaye mata marasa ƙarfi alawus domin su riƙe 'ya'yansu, sauran jihohi suka biyo baya. A 1912 aka kafa ofishin kula da yara na tarayya ƙarƙashin Julia Lathrop. Injunan noma kuma suka rage buƙatar hannun yara a gona. Jiragen suka yi ta raguwa har suka tsaya a 1929, kuma a 1935 tallafin yara mabuƙata ya shiga dokar tarayya.

Brace, wanda ya rasu a 1890, ya yi gaskiya a kan abu ɗaya: iyali ya fi gidan marayu, kuma duniya ta karɓi wannan ra'ayi. Inda tsarinsa ya gaza shi ne ɗaukar ranar miƙa yaro a matsayin ƙarshen aiki. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ƙunshi darussan biyu. Sashe na 20 ya lissafa hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyalinsa, ciki har da riƙo da kafala ta shari'ar Musulunci. Sashe na 25 ya ba yaron da hukuma ta ajiye a wani wuri haƙƙin a riƙa duba halinsa lokaci-lokaci. Gana da Nijar sun amince da yarjejeniyar a 1990, Nijeriya a 1991. Amurka, inda aka sha wannan gwagwarmaya, har yau ba ta amince da ita a hukumance ba.

Mai karatu Bahaushe ba baƙon riƙo ba ne. Goggo ko kaka ko kawu sukan ɗauki yaro, sunan ubansa yana nan, iyayensa sun san ƙofar gidan. Abin da ya kare ɗan riƙo a wannan tsari shi ne idon dangi: ana haɗuwa a suna da biki da sallah, a ga ko ya rame, a ji ko yana zuwa makaranta, mariƙiya kuma tana jin kunyar a ce ta ci amana. Aikin da Birtwell ya ɗauki ma'aikata su yi, zumunci ne yake yin sa kyauta.

Wannan kariya tana raunana idan nisa ya shiga. Yarinyar da dillaliya ta ɗauko daga ƙauye ta kai gidan baƙi a Kano ko Abuja ko Yamai da sunan riƙo ta fi kusa da yaran dandamalin Dowagiac fiye da 'yar da take hannun goggonta. Dokar haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ta yi tanadi kan riƙo, amma takarda ba ta ƙwanƙwasa ƙofa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Idan ƙafar dangi ba ta isa inda yaro yake ba, dole a sami wanda aka horar, aka biya, aka ɗora wa alhakin zuwa ya gan shi, ya kuma keɓe da shi ya tambaye shi yadda yake.