Fito da Shamaki: Tarihin Kayan Gyaran Mota Tsakanin Kaduna da Gure

A watan Disamba na shekarar 1852, sa'ad da matafiyin nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda mutanen Borno suka sani da Abdulkarim, ya biyo ta Gure a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya tarar da Muniyoma Koso yana sarautar ƙasar Muniyo a ƙarƙashin inuwar Shehun Borno, ya kuma tarar da ƙasa wadda galibin arzikinta ke tafiya a bayan raƙumi da takarkari, wato kanwa da manda da ake fitarwa daga kwaruruwan Mangari ana kai wa kasuwannin Hausa. Fataken wancan zamani sun san wahala iri biyu a hanya, kuma ba su taɓa ɗaukarsu abu ɗaya ba. Ta farko ita ce fito, abin da sarkin gari ke karɓa kafin ayari ya wuce; ko da yake fuƙaha'u sun daɗe suna ƙyamar irin wannan haraji, wato makasu, suna lissafa shi cikin zalunci, madugu yakan zauna da fadawa a yi ciniki, a san adadi, falke ya ɗora shi a kan kuɗin kayansa. Ta biyu ita ce ranar da aka ce hanya ta rufe, ko don yaƙi ko don fushin wani basarake, domin wannan ba ta da farashi, ba ta da wa'adi, kuma kanwar da aka ɗaure a mangala sai ta zauna har damina ta iske ta.

Masana tattalin arziki na zamanin nan sun ba wa wannan iri na biyu suna mai tsawo, suna cewa shingayen ciniki waɗanda ba na kuɗin fito ba, wato shamaki a taƙaice, suna nufin lasin shigo da kaya, da haramta wani kaya ɗungurungum, da rabon kuɗin musaya ga wanda hukuma ta ga dama, da takardun binciken inganci, da rufe iyaka. Mai karatu yana iya tambaya me ya haɗa Gure da wannan mas'ala, alhali Nijar ba ta taɓa ƙera mota ba. Jawabi shi ne, tun daga shekarun 1970, da aka shimfiɗa Hanyar Haɗin Kai daga Gure zuwa Ngigmi da taimakon Kanada, mota ta gaje raƙumi a kan babban fatauci, kuma mafi yawan taya da batir da fulogi da aka ɗaura wa motocin wannan yanki ta Nijeriya suka fito, ko dai ta Kano da Maigatari, ko ta Nguru inda jirgin ƙasa ya tsaya tun 1930. Saboda haka duk hukuncin da aka yanke a Ikko ko Abuja game da kayan mota, ƙarshensa sai ya sauka a gindin bishiyar wani bakanike a bakin tashar Gure.

Asalin niyyar Nijeriya kyakkyawa ce, kuma wajibi ne a faɗi haka. A zamanin Janar Yakubu Gowon, da kuɗin man fetur suka fara shigowa, gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Turai su zo su harhaɗa motoci a cikin gida: aka kafa kamfanin Peugeot, wato Fijo, a Kaduna a 1972, ya fara fitar da mota a 1975, a shekarar da Volkswagen ya fara a Ikko, sa'an nan aka biyo da na manyan motoci, Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, Mercedes a Inugu, Leyland a Badun. Da fari komai na motar a akwati yake zuwa, har ma da tashar jiragen ruwa ta Ikko ta cushe da jiragen siminti a 1975, sai aka riƙa ɗauko sassan Fijo a jirgin sama daga Liyon ta Faransa ana saukewa a Kano, daga nan manyan motoci su kai su Kaduna. Amma sharaɗin shi ne a bi sannu a hankali ana rage abin da ke zuwa a akwati ana ƙara abin da aka yi a gida, kuma lalle an fara: Dunlop a Ikeja da Michelin a Fatakwal suna yin taya, a Badun ana yin batir da gilashin gaba, wasu ƙananan masana'antu suna yin kujeru da fenti da salansa. Fijo 504 ta zama motar haya daga Kano har Difa, kuma yaron bakanike a Gure yana iya kwance injinta ya mayar idonsa a rufe.

Musiba ta fara ne da faɗuwar farashin mai. A watan Afrilu na 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta yi dokar daidaita tattalin arziki, ta sa kaya masu yawa ƙarƙashin lasin, kuma mulkin sojan da ya biyo baya ya ƙara ɗaure igiyar. A zahiri wannan doka gata ce ga mai masana'antar gida, tun da an tare masa kishiya daga waje. A baɗini kuwa ita ta shaƙe shi, domin mai yin batir yana bukatar dalma da sinadari daga waje, mai yin lagireto yana bukatar tagulla, mai buga ƙofar mota yana bukatar falalen ƙarfe, kuma ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya shigowa sai da takardar da ake jira wata da watanni a ofis. Da a ce fito aka ɗora masa, ko da mai nauyi ne, da ya lissafa, ya san ranar da kayansa za su iso, ya ɗauki ma'aikata gwargwadon haka. Lasin kuwa ba ya lissafuwa, domin yana hannun mutum, kuma abin da ke hannun mutum ɗaya kowa na nema, ba ya rasa zama haja: wanda ba shi da ko injin niƙa yakan samu takarda saboda sanayya, ya sayar wa mai masana'anta da riba. Idan akwatin sassa bai iso Kaduna ba, aikin harhaɗawa ya tsaya. Idan ya tsaya, mai kujera da mai gilashi, waɗanda ba su da wani mai saye sai shi, su ma su sallami ma'aikata.

Sai kuma Afrilu na 1984, da Janar Muhammadu Buhari ya rufe iyakokin ƙasa a daidai lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe su ba sai Maris na 1986. Rufewar ta haɗu da fari mai tsanani, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari, sunan da tsofaffin Damagaram da Muniyo ba su manta ba. Ana tuna ta da rashin hatsi, kuma haƙƙi ne a tuna ta da shi, amma motar da za ta ɗauko hatsin agaji zuwa ƙauyukan tudun rairayi ita ma taya take ci.

Ba na cewa shamaki ba ya haifar da alheri ko kaɗan, domin tarihi zai ƙaryata ni. Birazil, a zamanin Shugaba Kubitschek, ta yi doka a 1956 cewa cikin 'yan shekaru aƙalla kashi 90 cikin ɗari na nauyin kowace mota ya zama aikin gida, ta kuma toshe ƙofar motar waje. Amma ta yi haka ne tana da masana'antar ƙarfe ta Volta Redonda da ke aiki tun 1946, kuma wa'adin a rubuce yake, kowa ya san shi. Nijeriya ta toshe ƙofa alhali masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, wadda aka ba Tarayyar Sobiyat kwangilarta a 1979, ba ta fitar da falalen ƙarfe ba, kuma masana'antar Katsina rodin gini take murzawa, wanda ba a yin jikin mota da shi. Abin da ya tsira daga wannan ƙunci ya tsira ne inda hukuma ba ta shuka ba: 'yan kasuwar Nnewi, da suka ga kaya sun yanke, suka sayo injuna daga Taiwan suka fara yin wayar birki da batir da robobi da kansu, kuma maƙeran Panteka a Kaduna suka gwanance wajen ƙera abin da ya ɓace a kanti.

A watan Satumba na 1986 gwamnatin Janar Babangida ta soke lasin, ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, sai sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Daga nan aka shiga zamanin Beljiyam, tsofaffin motocin Turai da ake tarawa a unguwar Heyvaert ta Birasal ana lodi a tashar Antwerp. Da gwamnatin Obasanjo ta so tare su a farkon shekarun 2000, sai ta koma ga tsohon magani, ta haramta motar da ta wuce wasu shekaru, iyakar da aka yi ta sauyawa daga biyar zuwa takwas har daga baya ta kai goma sha biyar. Motocin ba su daina zuwa ba, hanya kawai suka canza: a sauke su a Kwatano da takardar cewa Nijar za su, su haye kogi a Gaya, su biyo Ƙonni da Maraɗi, duwan ta karɓi nata, sa'an nan su ɓulla Nijeriya ta hanyoyin daji. Baitulmalin Nijar ya amfana, wannan ba abin musu ba ne, kuma gidaje da yawa sun ci abinci da wannan fatauci. Illar da ya yi wa mai ƙera kayan gyara kuwa ta fi ƙarfin gasar farashi, domin a da ƙirar mota biyu ko uku ce ta cika hanya, wanda ya yi kwamin birkin Fijo ya san dubbai za su saya. Yanzu ƙira ɗari ce, kowace da nata awo, kuma kowace tsohuwar mota da ta mutu rumbun kayan gyara ce ga 'yan'uwanta. Michelin ya rufe a 2007, Dunlop ya daina yin taya a 2008, suna kuka da wutar lantarki da sauƙin shigowar tayar waje.

Abin da ya biyo baya maimaici ne. A Yuni na 2015 Babban Bankin Nijeriya ya hana kuɗin musaya ga kaya iri 41, ciki har da falalen ƙarfe, ba a ɗage ba sai Oktoba na 2023. Daga 1 ga Janairu na 2017 aka haramta shigo da mota ta iyakar ƙasa. A Agusta na 2019 aka sake rufe iyaka, har Disamba na 2020, da aka buɗe ƙofofi huɗu, Maigatari na cikinsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 a Yamai, takunkumin ECOWAS ya rufe ta kuma har Maris na 2024, kuma hanyar Kwatano ta yanke, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso cikin rakiyar soja.

A cikin wannan rufewa ta ƙarshe na yini a wani gareji da ke kusa da tashar Gure, inda wata Land Cruiser mai zuwa Tasker ta kwana tara tana jiran famfon ruwa da aka aika a sayo a Ƙofar Ruwa ta Kano. Direban, saurayi ne, ya durƙusa ya gaida maigidan garejin, ya ce, "Baba, fasinjoji sun fara neman kuɗinsu." Tsohon bai ɗago ba, ya ce, "Yi haƙuri, ɗana, karen motar da na ba saƙon yana Maigatari, sai an samu mai babur da zai zagayo da shi." Da la'asar ta yi ba labari, sai ya sa yaro ya ciro famfon wata matacciyar mota da ke bayan katanga, ya goge shi da kananzir, ya yanka robar tsohon tiyub ya yi masa gasket, ya ɗaura, ya zuba ruwa yana duban ƙasa ko zai ɗiga. Bai ɗiga ba. Ya umarci direban ya tafi da jarka biyu na ruwa, ya riƙa tsayawa yana taɓa lagireto, kuma idan Allah ya kai shi Tasker lafiya ya bugo waya, don a san ko za a ajiye masa sabon in ya iso ko a sayar wa wani.