Jinjimin Fir'auna: Ibada ko Ha'inci?

Duk wanda ya nazarci tarihin Misira ta dā, musamman daga shekara ta 664 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, zuwa zamanin sarautar Yunanawa, zai tarar da wata al'ada mai ban al'ajabi, wato yi wa tsuntsaye jana'iza irin ta manyan mutane. Jinjimi, wanda har yau yake kiwo a fadamunmu, shi Misirawa suka jingina ga Tot, abin bautarsu na rubutu da hikima, shaho kuwa ga Horus. Sukan busar da gawar da kanwa, su shafe ta da ƙaro, su naɗe da lilin, su rufe cikin tulu, mai ziyarar haikali ya biya a binne masa domin ta isar da buƙatarsa. A maƙabartar Tuna el-Gebel kaɗai an ƙiyasta jinjimi wajen miliyan 4 a cikin ramummukan ƙarƙashin ƙasa.

Muhawarar da ta raba masana ta taso ne sa'ad da aka haska naɗe-naɗen nan da na'ura, aka iske da yawa babu cikakken tsuntsu a ciki, sai gashi, ko ɓawon ƙwai, ko taɓo da tsinke. Waɗansu suka ce zamba ce tsagwaronta. Waɗansu suka ce a aƙidar mutanen duk abin da ya taɓa jikin tsuntsu mai alfarma ya ɗauki alfarmarsa, saboda haka gashi guda ya wadatar.

Hujja ta biyu tana da ƙarfi, amma a ra'ayina ba ta wanke kowa da kowa ba, domin su Misirawan da kansu sun yi hukunci a kan mas'alar. A Sakkara an tono rubuce-rubucen wani ma'aikacin haikali mai suna Hor, wanda ya rayu a zamanin Sarki Batlamiyus na Shida, a kan tsingaro, inda ya koka da ɓarnar da ta shiga hidimar jinjimi, har aka yi bincike, aka kama masu laifi, aka zartar da ƙa'idar tsuntsu guda a tulu guda. Da a ce gashi da taɓo sun isa a wurin kowa, da ba a buƙaci wannan ƙa'ida ba. Alhasali, ikhlasin mai ziyara da kwaɗayin mai hidima sun zauna a haikali ɗaya, kuma wajibi ne mai nazari ya auna kowane naɗi da zamaninsa da wurin da aka tono shi kafin ya yanke masa hukunci.