Ƙwayar Ƙura da Dala 700: Shekara Biyar na Haƙurin Masu MacBook

A ranar 9 ga Maris, 2015, a birnin San Faransisko, Phil Schiller, shugaban sashen tallace-tallace na Apple a lokacin, ya gabatar da sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai suna MacBook. Faɗin fuskarta inci 12 ne, kaurinta milimita 13.1, nauyinta bai cika kilo guda ba, farashinta kuma dala 1,299. Domin a kai ga wannan siranta, sai da aka sake fasalin abin da ke ƙarƙashin kowane madanni. A da, ƙananan sanduna biyu ne da suka gitta juna kamar almakashi suke riƙe madannin. Sabon tsarin kuwa fikafikai biyu ne da suka haɗu a tsakiya, shi ya sa kamfanin ya laƙaba masa sunan malam-buɗe-littafi. Apple ya ce sabon ya fi tsohon siranta da kashi 40 cikin ɗari, kuma ya fi shi tsayuwa daram a ƙarƙashin yatsa.

Shekara biyar aka yi ana fama da wannan fasali kafin a janye shi, kuma a tsawon wannan lokaci mafi yawan masu amfani da Mac ba su gudu ba. Sun yi gunaguni, wasu sun kai ƙara kotu, da yawa kuma sun sake sayen wata MacBook ɗin. Tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce: me ya riƙe su, kuma wa wannan riƙo ya amfana?

Yadda matsalar take

Madannin malam-buɗe-littafi ba ya nutsewa ko da milimita ɗaya idan an danna shi. Saboda ƙarancin wannan tazara, ƙwayar ƙura ko ɓurɓushin burodi idan ya shiga ƙarƙashi, ya isa ya hana madanni aiki. Wani harafin sai ya ƙi fitowa, wani ya fito sau biyu, wani madannin kuma ya cije gaba ɗaya. A tsohon tsari mai gyara yakan ɓalle madanni ɗaya ya share ya mayar. A sabon kuwa, ƙananan maƙalan suna saurin karyewa, kuma allon madannan a haɗe yake da murfin saman kwamfutar, wanda a MacBook Pro batir ma a jikinsa aka manne. Idan gyaran ya yi tsanani, dukan wannan ɓangare ake canzawa, kuma wanda garantinsa ya ƙare yakan biya kusan dala 700.

A Oktoban 2016 aka shigar da wannan tsari cikin MacBook Pro, wadda ita ce kayan aikin marubuta da masu rubuta manhaja da masu tace bidiyo, wato mutanen da abincinsu ke kan madannai. A wannan zubi ne kuma aka cire ramin katin kyamara da na HDMI da cajar nan mai maganaɗisu ta MagSafe. Shawarar da kamfanin ya wallafa wa masu fama da cijewar madanni ita ce su karkata kwamfutar zuwa digiri 75, su fesa mata iska daga gwangwani.

A Oktoban 2017 marubuciya Casey Johnston ta wallafa labarin zaryar da ta yi zuwa shagon Apple a mujallar The Outline, kuma daga nan maganar ta fita daga da'irar masana ta shiga bakin jama'a. A Mayun 2018 aka shigar da ƙarar taron dangi a kotun tarayya da ke Kalifoniya. A watan Yuni kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta na tsawon shekara huɗu daga ranar saye. A watan Yuli ya fitar da zubi na uku mai siririn mayafin roba a ƙarƙashin madannai, ya ce don rage ƙara ne, amma masu kwance na'urori na iFixit suka nuna cewa mayafin na tare ƙura ne. A Maris na 2019 Joanna Stern ta jaridar Wall Street Journal ta buga sharhinta da haruffa a zube, kamar yadda kwamfutarta ke rubutawa, sai Apple ya nemi afuwa, tare da cewa mutane kaɗan ne abin ya shafa. A Mayun wannan shekara aka fitar da sababbin kwamfutoci da aka sauya wa kayan haɗi, kuma tun ranar fitowarsu aka sanya su cikin jerin waɗanda za a gyara kyauta.

Sai a Nuwamban 2019 aka koma ga tsarin almakashi, a MacBook Pro mai inci 16. MacBook Air ta bi baya a Maris na 2020, mai inci 13 kuma a Mayu.

Ba wannan ne karon farko ba

Haƙurin masu Mac yana da tarihi. A 1995 Apple ya fitar da PowerBook 5300, sai batir ya kama da wuta a guda biyu daga cikin na farko, aka janye waɗanda suka fita, aka koma ga tsohon nau'in batir. Bayan haka kuma robar jikinta ta riƙa tsagewa. Wannan ya faru ne a lokacin da kamfanin ke tangal-tangal: ya yi asarar dala miliyan 816 a shekarar kuɗi ta 1996, da fiye da dala biliyan ɗaya a ta 1997. A Oktoban 1997 Michael Dell ya ce da shi ke riƙe da Apple, da ya rufe shi ya mayar wa masu hannun jari kuɗinsu.

A waɗannan shekaru ne biyayya ga Mac ta zama kamar aƙida. Masu amfani da ita 'yan tsiraru ne a duniyar da Windows ta mamaye, suna da ƙungiyoyinsu da mujallunsu, kuma kamfanin da kansa yana da ma'aikaci irin Guy Kawasaki wanda laƙabin aikinsa shi ne mai yaɗa bishara. Sun tsaya tare da kamfanin har Steve Jobs ya dawo, ya karɓi ragama a Satumban 1997, aka farfaɗo. Darasin da suka ɗauka shi ne mahaƙurci mawadaci, kuma suka gadar wa na bayansu.

An sake gwada wannan haƙuri sau da dama. A Agustan 2006 Apple ya janye batura miliyan 1.8 na Sony, a daidai lokacin da Dell ya janye miliyan 4.1. A 2008 wani guntun sarrafa hoto na Nvidia ya riƙa mutuwa a kwamfutocin Apple da Dell da HP. MacBook Pro ta 2011 ita ma ta yi fama da ciwon guntun hoto, kuma sai a Fabrairun 2015, bayan koke da ƙara a kotu, aka buɗe mata shirin gyara kyauta. Bambancin da ke akwai shi ne, a 2006 da 2008 kayan wani kamfani ne suka gaza, kuma kowa ya ɗanɗana. Malam-buɗe-littafi kuwa ƙirar Apple ce ta kansa, ya kuma nace a kanta zubi bayan zubi.

Abin da jirgin ƙasan Najeriya ya koya wa wani masani

Mafi kyawun ma'aunin fahimtar wannan lamari ya samo asali ne daga ƙasarmu. A tsakiyar shekarun 1960 masanin tattalin arziki Albert Hirschman ya zo Najeriya domin nazarin ayyukan da Bankin Duniya ya ba da rance, ciki har da shimfiɗa layin dogo zuwa Maiduguri. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda manyan motoci ke ƙwace jigilar gyaɗa daga Arewa zuwa tashoshin jiragen ruwa, aikin da ya fi dacewa da jirgin ƙasa, amma hukumar jiragen ba ta gyara ayyukanta ba. Ya gano cewa 'yan kasuwar da suka fi damuwa da inganci, waɗanda da su ne za su ɗaga murya, su ne suka fara komawa ga motoci. Asarar kuɗin shigar da tafiyarsu ta jawo kuma ba ta tayar wa shugabannin hukumar hankali ba, domin baitulmalin gwamnati na cike giɓin.

Daga wannan lura ya rubuta littafinsa na 1970, Exit, Voice, and Loyalty. Ya ce idan kaya ko hukuma ta lalace, mutum na da hanya biyu: ya fice, ko ya yi magana. Biyayya ita ce ke jinkirta ficewa, ta sa masu kishin abin su tsaya su yi ta magana. Sai dai maganar ba ta da kaifi idan wanda ake yi wa ita ya san mai yin ta ba shi da wurin zuwa.

Idan aka ɗora labarin Apple a kan wannan ma'auni, abu biyu ne ke fitowa. Na farko, ƙofar fita a ƙuntace take. Mai Dell da ya fusata zai sayi HP ko Lenovo, ya tarar da Windows ɗinsa da manhajojinsa yadda ya saba. Mai Mac ba shi da wannan dama, domin tun 1997 Jobs ya kawo ƙarshen lasisin da ya ba wasu kamfanoni izinin ƙera kwamfutoci masu babbar manhajar Mac. Mai rubuta manhajar iPhone yana buƙatar Xcode, wadda a Mac kaɗai take aiki. Haka abin yake a waɗancan shekaru ga mai tace fim da Final Cut Pro ko mai haɗa sauti da Logic Pro. Barin madannai masu cijewa yana nufin barin kayan aiki da ƙwarewar shekaru. Saboda haka cikin waɗanda ake kira masu biyayya akwai masu ƙauna ta gaskiya, irin wadda ake cewa so hana ganin laifi, akwai kuma waɗanda lissafi ne ya ɗaure su.

Na biyu, aljihun kamfanin bai ji zafi ba. Cinikin Mac ya tsaya a wajen dala biliyan 25 kowace shekara daga 2017 zuwa 2019. A 2018 wannan bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin shigar Apple ba, yayin da iPhone ke kawo fiye da rabi. Abin da baitulmali ya yi wa hukumar jiragen ƙasa, shi iPhone ta yi wa sashen Mac: ko da wasu sun fice, ba a ga gurbinsu a littafin kuɗi ba.

Abin da ya rage shi ne murya, kuma masu biyayyar ne suka fi kowa ɗaga ta. A Nuwamban 2017 Marco Arment, sanannen mai rubuta manhajar iPhone, ya yi rubutu yana yabon MacBook Pro ta 2015 a matsayin wadda ba a taɓa ƙera kamarta ba, yabon da kowa ya san suka ce ga magajiyarta. Mutane da yawa sun riƙe tsofaffin kwamfutocinsu suna jira. A Fabrairun 2020, jim kaɗan bayan ya karɓi kyautar Oscar ta rubutun fim, Taika Waititi ya shaida wa 'yan jarida cewa ya kamata Apple ya gyara madannansa. Muryar ta yi aiki a ƙarshe: a Oktoban 2021 sababbin MacBook Pro suka dawo da MagSafe da HDMI da ramin katin kyamara. Amma ta yi aikin ne a hankali, kamar yadda Hirschman ya yi hasashe ga muryar da barazanar ficewa ba ta mara wa baya.

Wa ya biya?

A Yulin 2022 Apple ya amince ya biya dala miliyan 50 domin sasanta ƙarar, ba tare da amsa laifi ba. Wanda aka canza wa murfin sama fiye da sau ɗaya zai iya samun har dala 395, wanda aka canza wa sau ɗaya har dala 125, wanda aka canza wa madannai kawai har dala 50. Sai a 2024 kuɗin suka fara isa hannun mutane. A shekarar da aka yi sulhun, cinikin Mac ya haura dala biliyan 40, wato kuɗin sulhun bai kai cinikin yini guda ba.

Akwai kuma waɗanda ba sa cikin wannan lissafi ko kaɗan. Sulhun na waɗanda suka saya a Amurka ne. Shirin gyara kyauta kuma na shekara huɗu ne daga sayen farko, kuma tunda an daina ƙera irin waɗannan kwamfutoci a 2020, wa'adinsa ya wuce. Su ne yanzu ke yawo a kasuwannin kayan da aka yi amfani da su, har a shagunan Legas da Abuja da Kano, jikinsu sumul, tambarin tuffa na ƙyalli, farashinsu kuma da sauƙi. Madannin da ɓurɓushin burodi ya kayar a ofis mai sanyi a Kalifoniya, shi ne zai fuskanci ƙurar hunturu. Ɗalibi ko ma'aikacin da ya tara kuɗin watanni ya kamata ya san zubin da abin ya shafa: MacBook mai inci 12 ta 2015 zuwa 2017, MacBook Air ta 2018 da 2019, da MacBook Pro ta 2016 zuwa 2019, ban da mai inci 16.

Hausawa na cewa sabo turken wawa, amma ba adalci ba ne a kira duk wanda ya tsaya wawa. Wanda ya auna kuɗin ƙaura da kuɗin gyara ya zaɓi zama, lissafi ya yi, kuma korafin irinsa ne ya dawo da madannai masu aiki. Wanda sabo ya turke shi ne wanda ya daina aunawa, yana kallon tambari a maimakon zubi da shekarar ƙira. Kamfani ɗaya ne ya ƙera MacBook Pro ta 2015 da ake yabo da ta 2016 da ta kai shi kotu, kuma watanni 17 ne kacal tsakaninsu. Kafin ka miƙa kuɗi a kan kowace kwamfuta, ka duba shekararta, ka buɗe shafi ka danna kowane harafi sau da yawa, sannan ka tambayi mai gyaran unguwarku nawa zai karɓa idan madanni ɗaya ya cije.