Jigawa, Marmara da Laka: Nazarin Filayen Gina Gidaje a Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi

Tsakure

Maƙalar ta duba abin da ke ƙarƙashin filayen gini a garuruwa uku na arewacin Zamfara. Hujjarta ita ce rairayin da ya lulluɓe yankin ya ɓoye bambancin da ke tsakaninsu, don haka zurfin harsashi guda ba zai wadatar da su duka ba.

Asalin rairayin

Ƙanƙarar da ta danne arewacin Turai da Amurka kimanin shekara 20,000 da suka wuce ba ta iso ƙasar Hausa ba, amma tasirinta ya iso. A wancan zamanin damina ta ja baya, Sahara ta matso kudu da ɗaruruwan kilomita, iskar arewa maso gabas ta yi ta jibge rairayi a kwarin Rima. Waɗannan tsofaffin tuddai ne masana Sombroek da Zonneveld suka bayyana a 1971, su ne kuma manomi ke kira jigawa. Gero na son ta, gini kuwa sai da hattara: ƙwayoyinta ba su haɗe ba, tana da ƙarfi da rani, amma da ruwa ya ratsa ta sai ta zauna, bango ya bi ta.

Abin da ke ƙasa

Ƙauran Namoda na zaune bisa tsohon dutsen asali, wanda samansa ya ruɓe ya zama tsakuwa da jar ƙasa. Matsalar a nan rashin daidaito ce. A fili ɗaya, kusurwar gabas na iya hawa kan falalen dutse, ta yamma tana kan ruɓaɓɓen da ya yi zurfi, tsagewar bango kuma daga mahaɗar nan take farawa. Ko marmara, da magina ke murna in sun tarar, wani lokacin ɓawo ce kawai bisa ƙasa mai laushi.

Wajen Shinkafi an shiga kwarin Sakkwato, inda shimfiɗar Gundumi, mai jerin yashi da tsakuwa da yumɓu, ta hau kan dutsen asali, kamar yadda masana Anderson da Ogilbee suka nuna a 1973. Bisa wannan ne gulaben Gagare da Bunsuru suka zuba lakar fadama, wadda ke kumbura da damina, ta daddare da bazara, tana ɗaga daɓe tana sauke shi kowace shekara. A ganina ita ce mafi haɗari, domin arhar filin bakin fadama na janyo mai ƙaramin ƙarfi.

A Zurmi abin tsoron shi ne zaizaya: ruwan indararo kaɗai kan buɗe kwazazzabo a jigawar da aka share wa ciyawa.

Hanyar gwada ƙasar fili kafin gini ba ta da tsada. A haƙa rami a kowace kusurwa har a wuce sakakken rairayi, a zuba ruwa a ga yadda ƙasar ke sha, kuma a fi yin haka a watan Agusta, lokacin da ruwan ƙasa ya taso.