Tarihin Gem Ɗin Ninja Da Ya Hana Yaran Ƙofar Ran Barci

 A wannan fili mun saba kawo tarihin ganuwa da ƙofofi da sarakunan Bauchi tun daga Malam Yakubu. Yau za mu gangaro kusa, zuwa abin da bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba, wanda mu da furfura ta fara leƙo mana yanzu muka rayu a cikinsa. Iyayenmu su yi mana haƙuri, mun san a wajenku gem aikin banza ne. Amma abin da ya cinye yammacin yaran unguwa guda na tsawon shekaru, ya kuma jawo wa da yawa bulala, ya cancanci a san asalinsa.

Kafin gem, fim ne ya fara kawo mana ninja. Wani kamfanin Amurka mai suna Cannon ya fitar da Enter the Ninja a 1981, ya bi shi da Revenge of the Ninja a 1983, duka da ɗan wasan Japan Sho Kosugi, sannan American Ninja a 1985. Da bidiyo ya yawaita, waɗannan finafinai suka cika gidajen kallo. Mu duk fim ɗin Chainis muke ce musu, alhali labarin na Japan ne, kuɗin kuma na Amurka. Babu yaron da bai taɓa naɗe fuskarsa da ɗankwalin mahaifiyarsa ya bar ido kawai ba, ya ɗauki kara ya diro daga kan katanga.

Ninja na gaskiya ba su kai na fim kwarjini ba. 'Yan leƙen asiri ne da sarakunan Japan ke haya a zamanin yaƙe-yaƙen cikin gida na ƙarni na 15 da na 16. Aikinsu shi ne shiga sansanin abokan gaba cikin dare, satar labari, cinna wuta, su ɓace. Sun fi shahara a yankunan Iga da Koga, ƙasar duwatsu mai wuyar shiga, kamar yadda duwatsun Ningi suka daɗe suna gagarar dakarun Bauchi da Kano a ƙarni na 19. A 1579 ɗan Oda Nobunaga ya kai wa Iga hari aka kore shi da kunya, sai a 1581 uban ya turo dubun dubatar mayaƙa suka murƙushe yankin. Waɗanda suka tsira suka watsu, wasu suka shiga hidimar Tokugawa Ieyasu. Mai leƙen asiri kuwa shigar manomi ko ɗan kasuwa yake yi don kada a gane shi. Baƙaƙen kayan nan da muka sani, masu zane da masu wasan kwaikwayo ne suka ɗinka masa daga baya.

A watan Disamba na 1988 kamfanin Tecmo ya fitar da wani gem a Japan mai suna Ninja Ryukenden, a kan na'urar Famicom ta Nintendo. A watan Maris na 1989 ya isa Amurka da sunan Ninja Gaiden. Da ya shiga Turai a 1991 sai aka canza masa suna zuwa Shadow Warriors, domin a wancan lokaci a Ingila ana ƙyamar kalmar ninja a kayan yara. Jaruminsa Ryu Hayabusa ne, saurayin da ya tarar da wasiƙar mahaifinsa tana umartarsa ya ɗauki takobin gado ya tafi Amurka ya nemi wani masanin kayan tarihi, Walter Smith. Daga nan labari ya ja shi har dajin Amazon, inda wani mugu mai suna Jaquio ke son haɗa gumaka biyu ya tayar da dodo. Abin da ya bambanta shi da sauran gem na zamanin shi ne tsakanin babi da babi ana nuna labarin kamar fim, da fuskoki da rubutu da kiɗa. Wanda ya jagoranci aikin, Hideo Yoshizawa, ya gane cewa yaro zai jure kowace irin wahala in dai yana son ganin abin da zai biyo baya.

Wahalar kuwa ba a magana. Babi shida ne, an raba su mataki ashirin. Ryu yana da gudu, takobinsa na da sauri, yana iya manne wa bango ya yi tsalle zuwa wani. Duk abin da ka danna nan take yake yi, kuma wannan ne sirrin daɗin, domin in ka mutu ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi. Amma da zarar wani abu ya taɓa shi sai ya wurga shi baya, bayan nan kuma galibi rami ne. Jininka na iya zama cike fal, tsuntsu ɗaya ya bangaje ka kana tsakiyar tsalle, shi ke nan rai ya tafi. Waɗannan tsuntsaye, Allah kaɗai Ya san yawan zagin da suka sha a Bauchi. Ga kuma wata mugunta: in ka kashe abokin gaba ka ja baya taku ɗaya ka dawo, sai ka tarar da shi ya sake fitowa. Ga agogo yana ƙirga maka lokaci a sama. Wato gem ɗin ba ya son mai tsoro, ba ya son mai garaje. Sai wanda ya haddace hanya, ya san inda kowane maƙiyi zai ɓullo, ya sare shi tun bai gama fitowa ba.

Babbar azabar tana babi na shida. Bayan ka sha da ƙyar daga mataki na 6-2, inda masu tashi sama ke yi maka ruwan taurarin ƙarfe kana kan 'yan dandamali, a ƙarshe bos uku ne ke jiranka a jere: mahaifin Ryu da aka juyar masa da hankali, sai Jaquio, sai dodon. In ɗayansu ya kashe ka, ba bakin ƙofarsa za a mayar da kai ba. Farkon babin gaba ɗaya za ka koma, 6-1. Na ga ƙato ya ajiye fad ya fita waje ya zauna bakin kwata bai ce wa kowa uffan ba.

Me ya sa suka yi shi haka? Na farko, masu ƙera gem na lokacin a gidajen gem na jefa kwabo suka koyi sana'a, inda mutuwar ɗan wasa ita ce cinikin mai shago. Na biyu, kaset ɗin ƙarami ne ƙwarai, duk abin da ke cikinsa bai kai rabin megabayit ba, hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka yau ya fi shi nauyi. Gem ɗin da gwani zai gama kafin shayi ya huce, dole a cika shi da ƙaya in ana son wanda ya saya da tsada ya yi watanni a kansa. Akwai kuma batun haya. Japan ta hana ba da hayar gem tun 1984, amma a Amurka yaro na iya karɓar kaset a shagon haya ranar Juma'a ya mayar Litinin, abin da kamfanoni ba sa so ke nan. Dubi kashi na uku da ya fito a 1991: na Japan yana da lambar sirri da za ka ci gaba daga inda ka tsaya, na Amurka kuwa aka cire ta, aka ƙara wa maƙiya ƙarfi, aka taƙaita damar ci gaba zuwa sau biyar kacal.

To duk wannan lissafi an yi shi ne a kan yaron Tokyo ko na Chicago, mai na'urarsa a ɗakinsa, da wutar da ba ta ƙiftawa. Babu wanda ya yi tunanin Ƙofar Ran.

Mu na'urar ba ta hannun Nintendo ta zo mana ba. Kwaikwayonta ne da ake ƙerawa a Taiwan da Chana, 'yan kasuwa su shigo da ita ta Legas da Kano har ta iso shagunan kayan lantarki na Bauchi a shekarun 1990. Irin wannan jabun ne ya raini yaran Rasha da sunan Dendy, na Poland da sunan Pegasus. Takan zo da kaset mai alƙawarin dubban gem, ka kunna ka tarar guda goma ne ake ta maimaitawa: Mario, tankar yaƙi, harbin agwagwa, da wani ninja mai tsalle kan bishiyoyi, The Legend of Kage na kamfanin Taito. Ninja Gaiden ya fi ƙarfin wannan tarkace, a kaset nasa yake zuwa ko cikin masu gem uku ko huɗu, sau da yawa kuma da rubutun Japan. Saboda haka labarin da Yoshizawa ya wahala a kai, mu da kanmu muke ƙirƙira masa fassara. Wani ya rantse yarinyar nan ƙanwar jarumi ce, wani ya ce matar bos ce, a yi ta musu har magariba. Ashe sunanta Irene Lew, ma'aikaciyar leƙen asirin Amurka.

Lokacin kuma na tsadar rayuwa ne, bayan SAP ɗin da gwamnatin Babangida ta kawo a 1986 ya karya darajar naira. Gidajen da ke iya sayen talabijin da gem don yara ƙalilan ne. Sai aka samu masu dabara: a zaure ko ƙaramin shago, talabijin ɗaya, benci biyu, ka biya ka buga. Wani wurin da lokaci ake yi, wani wurin in ranka uku sun ƙare ka miƙa fad. A nan ne wahalar ta ninka. Gem ɗin na Tecmo yana ba ka damar ci gaba ba iyaka, amma aljihunka yana da iyaka. Ba shi da wurin ajiya, da an kashe na'ura komai ya goge. Ga NEPA. Mutum ya yi awa guda yana rarrafe har babi na biyar, ya iske Bloody Malth, ɗif, wuta ta tafi. Ko adafta ta yi zafi har mai shago ya ce a dakata ta huce. Ko wani ya yi tuntuɓe da waya, hoto ya daskare, a zare kaset a hura masa iska a mayar, a koma titin farko na babi na ɗaya.

Wani abin dariya da ba mu sani ba a lokacin: talabijin ɗinmu na tsarin PAL ne, mai hoto 50 a daƙiƙa, na Japan da Amurka kuwa 60 ne. Ke nan a kan yawancin na'urorinmu gem ɗin ya ɗan fi tafiya a hankali. An yi mana rangwame ma, ga yadda muka ƙare.

A ganina, a nan ne tarihinmu ya rabu da na waɗancan. Tunda na'ura ba ta ajiya, kawunanmu ne suka zama wurin ajiyar. Mai fad ɗaya ne, amma masu buga gem ɗin goma ne. Na baya suna ihu: tsaya, tsuntsu na zuwa! Kar ka ɗauki wannan, bar makamin da ke hannunka! Wanda ba shi da ko sisi yana tsaye yana haddacewa kyauta, ranar da ya samu kuɗi sai ya wuce inda masu kuɗin suka maƙale. Mu da muka taso da allo, hadda da maimaici ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sai dai malamanmu ba su ji daɗin inda muka kai baiwar ba. In an kai wuri mai wuya, a kan miƙa wa gwanin wannan wurin fad ya tsallakar, ya dawo da shi. Akwai gwanin tsalle, akwai gwanin bos. Yaron da ba kowa ba ne a filin ƙwallo, ƙarami, mara ƙarfi, sai ga shi manya na matsa masa a benci. Wanda kuwa aka ce ya ga ƙarshen gem ɗin, sai labarinsa ya kai Wunti da Jahun, rabin masu ba da labarin ma ba su taɓa ganinsa ba.

Kada kuma daɗin tuna baya ya sa mu wanke abin tas. Iyayen da suka riƙa shiga zaurukan nan da dorina suna da hujja. Kuɗin cefane sun yi ɓatan dabo, asusun uwaye mata sun sha fashi, an tsallake Islamiyya, an haɗa la'asar da magariba. Kalmar nan ta sau ɗaya kawai in ƙara, ita ce ta kai wasu maimaita aji. Gem ɗin da aka gina don ya sa ka ji saura ƙiris, in ya haɗu da yaron da ke biyan kuɗi a kowace mutuwa, ya kusa zama caca. Bambancinsa da caca shi ne ƙwarewa na rage maka asara, kuma yana da ƙarshe. Wanda ya kashe dodon nan ya ga rana ta fito a hoton ƙarshe, ya gama, ya tashi. Yawancin waɗanda ke cikin wayoyin 'ya'yanmu yau sauƙi ne da su kamar shan ruwa, amma ba a gina su don su ƙare ba, kuma in ka maƙale kuɗi suke nema, ba ƙwarewa ba. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Da Sega Mega Drive ta shigo, hankali ya koma kan Shinobi da Mortal Kombat, daga baya PlayStation da ƙwallo suka share kowa. Ryu bai mutu ba dai. A 2004 Tomonobu Itagaki da tawagarsa ta Team Ninja suka dawo da shi a kan Xbox, da wuyar da ta sa 'yan wasa kuka. Da ƙorafi ya yi yawa, a fitowar 2005 suka ƙara mataki mai sauƙi, amma suka raɗa masa suna Ninja Dog, wato karen ninja, don duk wanda ya zaɓe shi ya san matsayinsa. Itagaki ya mutu a watan Oktoba na 2025 yana da shekara 58, kwanaki kaɗan kafin fitowar Ninja Gaiden 4.

Shi kuwa tsohon na 1988, yanzu ana buga shi a waya da manhajar da ke kwaikwayon Famicom, har da damar ajiye wasa a duk inda ka ga dama, ko a tsakiyar tsalle. Akwai kuma masu gasar gudu a intanet da ke buga shi yadda muka san shi, ba ajiya ba komai, daga titin farko har dodon ƙarshe, cikin ƙasa da minti 12.