Daga Tukunyar Lemo Zuwa Gadar Jenowa

Mai lambu ne ya fara gina gada da rodi da kankare. Joseph Monier yana kula da itatuwan lemo a lambun Tuileries da ke Paris, tukwanen yumɓu suna fashe masa, na katako kuma suna ruɓewa. Sai ya saƙa ragar ƙarfe ya lulluɓe ta da siminti. A 1867 ya karɓi takardar mallakar wannan dabara, a 1875 kuma ya gina 'yar gada a Chazelet, tsawonta bai kai mita 20 ba. Tana nan har yau.

Na daɗe ina duba aikin gini, kuma abin da na fi shan wahalar fahimtar da sabon yaro shi ne dalilin da ya sa ake ɗaure rodi a inda ake ɗaure shi. Kankare yana jure danniya, amma da an ja shi sai ya tsage. Abin da yake ɗauka na ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da yake ɗauka na danniya ba. Idan tirela ta hau tsakiyar gada, saman bim matsewa yake yi, ƙasansa kuma ya miƙe. To, rodi wurinsa ƙasa, inda ake ja. Monier da ido da hannu ya yi aikinsa. Jamusawa ne suka zauna suka yi lissafin: Wayss, wanda ya sayi izinin amfani da dabarar, da Matthias Koenen, suka fitar da shi a rubuce a 1887. Shi kuwa mai lambu, cikin talauci ya rasu a 1906.

Akwai sa'a biyu a cikin lamarin da ba wanda ya tsara su. Zafin rana yana buɗa ƙarfe da kankare kusan daidai wa daida, shi ya sa ba sa rabuwa tsakanin bazara da hunturu. Sannan siminti yana da kaifi irin na ruwan toka, wanda ke hana tsatsa kama rodin da ke cikinsa muddin ruwa da gishiri ba su samu hanyar shiga ba.

François Hennebique ya mai da abin kasuwanci daga 1892. Eugène Freyssinet kuma ya zo da dabarar ɗame wayar ƙarfe ta matse kankaren tun kaya bai hau ba. Gadarsa ta Luzancy a kan kogin Marne, mai tazarar mita 55, an gama ta a 1946.

Ɓangaren da ya fi burge ni shi ne na gadar da ake shimfiɗa dogayen bim na ƙarfe zalla, a zuba daɓen kankare a kansu. Da can injiniyoyi ɗaukar daɓen suke a matsayin kaya kawai, ƙarfe shi zai ɗauki komai, har da nauyin daɓen. Ɗora katako biyu a kan juna ka taka tsakiya, za ka ga bakinsu ya zame, kowanne ya lanƙwasa shi kaɗai. Buga musu ƙusa ka sake takawa: sun zama abu guda, ƙarfinsu ya ninka. Abin da ya rage wa injiniyoyi ke nan, ƙusar da za ta haɗa daɓe da bim. Daga tashar ƙera jiragen ruwa ta fito. Wani ma'aikaci a Kalifoniya, Ted Nelson, ya ƙirƙiro bindigar walda mai liƙa gajeren ƙarfe a jikin faranti cikin ƙiftawar ido. A shekarun 1950 aka fara jera irin waɗannan ƙusoshi masu kai a saman bim, kankare ya rufe su. Daɓe ya ɗauki danniya, ƙarfe ya ɗauki ja, aka rage ƙarfen da ake kashewa. Jamus, da ke sake gina gadojinta bayan yaƙi ga ƙarancin ƙarfe, ta rungumi irin wannan gadar haɗin gwiwa ta ƙarfe da kankare da hannu biyu. Duk wanda ya bi ta gadar Makurdi ta 1932 ko ta Onitsha ta 1965 ya ga tsohon salon, inda saƙar ƙarfe ke tsaye a fili tana ɗauke da nauyi.

Ɓoye ƙarfe a cikin kankare yana da nasa tsadar: ba ka ganin abin da ke cinsa. Tsatsa tana kumbura ta ninka kaurin ƙarfen da ta ci, ta fasa kankaren daga ciki. Shi ya sa nake faɗa a kan biskit, ɗan guntun simintin da ake sawa ƙarƙashin rodi don ya samu rufi mai kauri. Leburori suna ganin fitina ce. "Yallaɓai, ai kankare zai rufe," in ji su. Zai rufe, amma da kaurin farce.

A Jenowa ta Italiya, Riccardo Morandi ya lulluɓe igiyoyin ƙarfen gadarsa da kankare don ya kare su. An buɗe ta a 1967. Iskar teku da hayaƙin masana'antu suka samu hanya, shi kansa ya yi gargaɗi a kan tsatsa tun 1979. Ranar 14 ga Agusta 2018, ana tsaka da ruwan sama, wani sashe ya rufta, mutum 43 suka mutu. Wadda Renzo Piano ya zana a madadinta, aka buɗe a Agustan 2020, haɗin gwiwa ce: akwatin ƙarfe a ƙasa, daɓen kankare a sama, ginshiƙan kankare 18. An bar cikin akwatin yadda mutum zai shiga ya duba, an sa na'urar tsotse laima, ga kuma injuna masu bin gefen gadar suna ɗaukar hoton jikin ƙarfen.