Sarkin Gobir a Kalgo, bishop a Kartaj

Duk wanda ya tashi a Malisa ko Gwandu ya saba jin ana cewa Sarkin Gobir na Kalgo, har kunne ya daina mamaki. Amma Gobir tana can arewa maso gabashin Sakkwato, Kalgo kuwa tana kudu da Birnin Kebbi. Alƙalawa, babban birnin Gobirawa, ta faɗi hannun masu jihadi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa, garin ya zama kufai. Gidan sarautar ya watse, wasu suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, wasu daga baya suka zauna a Sabon Birni. Sunan kuwa bai mutu ba, sai ma ya yaɗu: akwai Sarkin Gobir a Isa, akwai a Gwadabawa, akwai a Kalgo. Haka Sarkin Kabi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi a 1805, zuriyar Kanta ta ci gaba da riƙe sarautarta a Argungu, amma ga Sarkin Kabi a Yabo, ga wani a Jega. Ra'ayina shi ne, sarautar da ta rabu da ƙasarta ba holoƙo ba ce, tana riƙe tarihin da ganuwa ta kasa riƙewa.

Wannan dabara ba tamu kaɗai ba ce. Ɗarikar Katolika ta daɗe da ita, kuma labarin Kartaj, a gefen birnin Tunis na yau, shi ya fi fito da abin fili. Kartaj ce uwar majami'un Afirka ta Arewa a zamanin Rumawa. A can aka fille kan bishop ɗinta Sifiriyan a 258. A taron da aka yi a birnin a 411, bishop-bishop fiye da 500 suka hallara daga ɓangarori biyu masu jayayya, abin da ke nuna kusan kowane gari na da nasa. Sai ƙabilar Bandal ta ƙwace birnin a 439, Rumawan Gabas suka karɓe shi a 533, rundunar Hassan bin Nu'uman ta ci shi a 698. Kiristancin yankin bai ɓace dare ɗaya ba, a hankali ya riƙa ƙafewa, har a 1053 Paparoma Liyo na Tara ya rubuta yana kukan cewa bishop biyar kacal suka rage. Daga baya su ma babu. To amma Roma ba ta goge sunayen garuruwan daga littafinta ba. Idan za ta naɗa bishop wanda ba shi da ƙasa tasa, kamar mataimaki ko jakadan Paparoma, sai ta ɗauko sunan ɗaya daga cikinsu ta ba shi, ko da bai taɓa taka wurin ba. Ita Kartaj an farfaɗo da kujerarta a 1884 lokacin mulkin Faransa, a 1964 ta sake komawa suna kawai. Ko a nan kusa, kafin Kwantagora ta zama cikakkiyar dayosis a 2020, shugabanta da irin wannan laƙabi yake amsawa.

Wani zai ce wannan ai riƙon wofi ne, taƙama da garin da jemagu suka gaje. Kalgo ta amsa masa. Sarkin Gwandu Yahaya, wanda ya yi mulki daga 1938 zuwa 1954, daga kujerar Sarkin Gobir na Kalgo ya hau, haka ma Haruna Rashid da ya gaje shi, wanda ya riƙe Gwandu har 1995. Mai wannan rawani hakimi ne mai gunduma da talakawa, sunan ne kawai ya zo daga nesa. Shi ma bishop mai laƙabin kufai aikinsa na gaske yana inda aka tura shi.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ban raina shi ba. Irin wannan suna yakan ɗauki ƙanshin cin nasara, ko na da'awar cewa ƙasar tamu ce har yanzu. Bagobirin Tsibiri ko Bakaben Argungu na da hujjar jin ɗaci idan ya ji sunan kakanninsa a kan wani. Roma ma ta gane haka: da can tana kiran waɗannan kujeru na ƙasashen marasa imani, sai ta daina a 1882, don kalmar na ɓata wa mazauna wuraren rai. Ta gyara lafazin, ta bar sunayen, kuma a ganina ta yi daidai. Soke laƙabin ba zai tayar da Alƙalawa ba, zai dai rage wuraren da yaro zai ji sunan Gobir har ya tambayi abin da ya faru. Wanda ya ci ƙasa ya ga sunanta ya isa a ɗaura wa ɗansa ko babban yaronsa, ya amsa da bakinsa cewa ƙasar mai girma ce.

Ita kanta Gwandu tana cikin wannan sahu, ko da yake ba kufai ba ce. Tun farkon zamanin Turawa fadar ta zauna a Birnin Kebbi, birnin da aka ci a 1805, amma ba a ce wa sarkin Sarkin Kabi ba. Sarkin Gwandu ake ce masa, da sunan garin da Shehu ya zauna kafin ya koma Sifawa. A Gwandun ne hubbaren Malam Abdullahi yake, mutane na zuwa ziyara har gobe.